Fashin baƙi: me ya sa iska ke durƙusar da ayarin masu keke alhali ba tudu suke hawa ba?

Duk lokacin da bidiyon nan na Cape Town ya sake zagayowa a Facebook ko WhatsApp, wanda za ka ga ƙarti da kayan tsere suna riƙe da kekunansu iska na neman fizgewa, wasu har suna faɗuwa a kan kwalta, tambayar da mutane ke yi kusan ɗaya ce: wai iska ce kawai ta yi musu haka? Wasu su ce ragwanci ne, wasu su ce haɗa bidiyon aka yi. To ba haɗi ba ne. Ranar 12 ga Maris 2017 ne abin ya faru a Afirka ta Kudu, mutum wajen 35,000 sun yi rajistar gasar keke ta Cape Town mai nisan kilomita 109, iska ta taso tana kai wa kusan kilomita 100 a awa ɗaya, dole masu shirya gasar suka soke ta da safiyar ranar.

Amma wannan ai kowa ya gani da idonsa, ba a buƙatar bayani. Wadda mutane ba su gane ba ita ce iskar da ba ta kayar da kowa, ba ta cire rufin kwano, ko hularka ba lallai ta ɗauke ba, amma ta sa ayarin mutum talatin ko hamsin da suka yi makonni suna cin kilomita ɗari da wani abu kullum su isa masauki bayan magariba a galabaice, wasu a cikin motar kaya, wasu ba sa ma yi wa juna magana. Ita nake so mu duba.

Wace iska ake nufi?

Masu doguwar tafiya a keke sun kasa iska gida uku. Akwai iskar gaba, wadda ke bugunka a ƙirji. Akwai iskar baya mai tura ka. Sai iskar gefe, wadda ke dukanka ta dama ko ta hagu, ita ce ma mafi haɗari idan ana maganar faɗuwa. Amma akwai ta huɗu da ba a cika lissafawa ba, wato iskar da kai da kanka kake haifarwa. Ko ganye ba ya motsi, in dai kana gudun kilomita 20 a awa, to jikinka yana ratsa iska ne a kan kilomita 20 a awa. Idan kuma aka samu iskar gaba mai gudun 20, sai a tara, ya zama jikinka na jin 40. Wannan jimlar ita ce abin da ƙafarka take yaƙa.

Shi ya sa ma ko iskar gefe ce sak, mai keke yana jin ta ne kamar daga gaba-gaba take zuwa, saboda ta haɗu da wadda gudunsa ya haifar. Kuma tana ƙara masa nauyi. Don haka idan ka ji masu keke na ƙorafin wai kullum iska a gabansu take, ba ƙarya suke yi ba gaba ɗaya, kusurwoyin da iska za ta fito ta cuce ka sun fi waɗanda za ta fito ta taimake ka yawa.

Wani abu kuma, alƙaluman da ka gani a waya ko ka ji a rahoton yanayi, ana auna su ne a tsayin mita 10 daga ƙasa a fili. A tsayin mai keke yawanci iskar ta ɗan ragu, musamman inda akwai bishiyoyi, gonakin dawa ko gine-gine. A hamada ko kan gada kuwa babu mai rage maka komai.

Lissafin da ke karya mutum

Nan ne gizo ke saƙa. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu. Idan iskar da ke bugunka ta ninka sau biyu, turjiyarta ninkawa take sau huɗu, idan ta ninka sau uku turjiyar ta zama sau tara. Ka fitar da tafin hannunka ta tagar mota tana tafiya a hankali, sannan ka sake fitarwa bayan direba ya taka, za ka ji abin da nake nufi.

Bari mu ɗauki misali da lissafi na kusa-kusa. Mutum da kekensa da jakunkunansa sun kai kilo 100, yana zaune a miƙe, hanya shimfiɗaɗɗiya, babu iska, yana tafiya kilomita 20 a awa hankalinsa kwance har yana hira. Sai iskar gaba ta kilomita 20 ta taso. In ya ce lallai sai ya riƙe gudunsa na 20, to abin da yake kashewa wajen ture iska ya ninka huɗu, ƙarfin da zai fitar gaba ɗaya ya kusa ninka uku. Ɗan tsere ƙwararre zai iya riƙe wannan na awanni, amma malamin makaranta ɗan shekara 55 da ya ɗauki hutu ya shigo yawon keke ba zai wuce 'yan mintuna ba. In kuma ya ce a'a, ƙarfin da na saba fitarwa shi zan ci gaba da fitarwa, to gudunsa zai sauko wajen kilomita 11 a awa.

Yanzu ka ɗora wannan a kan zangon kilomita 120. Tafiyar awa 6 ta koma kusan awa 11 a kan sirdi, ban da tsayawa cin abinci da faci da fitsari. Wanda ya tashi ƙarfe 6 na safe yana sa ran yin azahar a masauki, sai ga shi yana neman fitila. Kuma iskar kilomita 20 fa ba wata iska ba ce ta a zo a gani, irin wadda za ta kaɗa maka shanya ne ka ce yau gari da daɗi.

Tudu ya fi ta adalci nesa ba kusa ba. Tudu kana ganinsa, ka san inda ya ƙare, kuma idan ka kai ƙololuwa akwai gangara tana jiranka ka saki feda ka huta. Iska ba ka ganinta, ba ta da ƙololuwa, kuma da ka daina murza feda na 'yan daƙiƙu keken tsayawa zai yi cak. A wurare irin Patagoniya a kudancin Ajantina da Chile, masu keke kan murza feda ko a gangara, don in ba su murza ba ba za su sauka ba.

"Ai idan mun juyo za ta rama mana"

Wannan ita ce maganar da aka fi yaudarar kai da ita. Mu koma kan mutuminmu na ɗazu. Idan iskar 20 ɗin nan ta koma bayansa, da ƙarfin da ya saba zai yi gudun wajen 32. Wato ta cire masa 9 a tafiya ta ƙara masa 12 a dawowa, sai ka ga kamar ma ya ci riba. To duba agogo. Kilomita 60 zuwa, 60 dawowa. Ba iska: awa 3 da awa 3, shida kenan. Da iska: zuwa ya ci kusan awa 5 da rabi, dawowa ya ci ƙasa kaɗan da awa 2, jimla awa 7 da kusan minti 20. Ya yi asarar sama da awa ɗaya, domin wahalar ce ke daɗewa, daɗin kuma nan da nan yake ƙarewa. Iska ba ta biyan bashin da ta ci cikakke.

Balle ma a doguwar tafiya irin ta ayari babu juyowa. Daga gari kaza zuwa gari kaza ne, in iskar yankin ta saba fitowa daga inda ka dosa, to haka za ka sha ta yau, gobe, jibi.

To mene ne amfanin tafiya a ayari?

Amfaninsa babba ne, in an iya. Wanda ke gaba shi ke fasa iska, na bayansa in ya matso kusa da tayarsa yana shiga wani ɗan rami na iska mai rauni, turjiyar da yake sha ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, wani lokaci ma fiye. A babban cincirindo irin na gasar Tour de France abin ya wuce haka. Wani bincike da Farfesa Bert Blocken na jami'ar fasaha ta Eindhoven a Holan ya jagoranta a 2018, a kan cincirindon mahaya 121, ya nuna waɗanda ke tsakiya can baya turjiyar da ke kansu ba ta wuce kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na wanda ke tafiya shi kaɗai ba. Kusan jan su ake yi.

Don haka tsarin shi ne a jeru a layi, na gaba ya ja na ɗan lokaci, minti ɗaya ko biyu, in iskar ta yi tsanani ma rabin minti ya isa, sai ya kauce gefe ya sassauta har layin ya wuce shi ya manne a baya, na biyu ya karɓa. Haka za a yi ta karɓa-karɓa. Idan iskar ta gefe ce, mafakar ba a bayan mutum sak take ba, tana ɗan karkacewa ɓangaren da iska ke tafiya, sai layin ya zama a karkace ya ratsa faɗin titi. A Beljiyam da Holan da arewacin Faransa irin wannan jeri ne ke tarwatsa gasa, domin titi yana da iyaka, mutum goma ko sha biyu ne za su samu mafaka, sauran su tsinci kansu a bakin kwalta iska na dukansu kai tsaye.

Sai dai 'yan tsere an rufe musu hanya. Ayarin yawon keke kuwa da tireloli da bas-bas suke raba titi, ba su da ikon baje layi a faɗin hanya. Sannan yawancinsu ba su saba bin tayar wani ba. Ƙa'idar ita ce kada tayarka ta gaba ta wuce gefen tayar bayan wanda kake bi, domin in ya ɗan karkata, ko iska ta ture shi, tayoyin suka gogu, kai na baya kai ne za ka sha ƙasa, na bayanka kuma su hau kanka. Na gaba ma yana da nasa nauyin, shi ne idon kowa, shi zai nuna rami da hannu, kuma ba a taka birki bagatatan. Ga kuma tirela, idan ta zo wucewa takan tare iskar gefe na daƙiƙa ɗaya, mai keken da ya jingina jikinsa ga iskar sai ya ji ya tafi wajen motar, tana wucewa kuma iskar ta dawo ta watsa shi waje. Wannan abin ya fi gajiya kisa.

Inda rigimar take

Iska ba ƙafa kaɗai take gajiyarwa ba, tana fito da halin mutane. A kusan kowane ayari za ka samu ɓangarori uku a irin wannan rana.

Masu ƙarfi suna cewa mu muke ja tun safe, wasu sun lafe a baya ba su taɓa karɓar gaba ba, kuma da mun ɗan ƙara wuta sai a ce mu sassauta, to mu ma kuɗi muka biya, a bar mu mu tafi. Kuma suna da hujja, domin mutum mai ƙarfi idan ka tilasta masa tafiyar kilomita 11 a awa, ƙara masa awanni ka yi a rana da kan sirdi.

Marasa ƙarfi kuma suna cewa in kun tafi kun bar mu, mu da muka fi buƙatar mafaka mu ne za mu fuskanci iskar tsirara, ku da za ku iya ku kaɗai kun haɗu kuna taimakon juna. Su ma gaskiyarsu ce. Da zarar mutum ya saki tayar da yake bi da tazarar mita goma a cikin iska mai ƙarfi, da wuya ya sake kamowa, saboda yanzu aikinsa ya fi na waɗanda suka fi shi ƙarfi yawa.

Na uku su ne masu shirya tafiyar, su lissafinsu daban: rana za ta faɗi ƙarfe kaza, motar ruwa ɗaya ce ko biyu, ayari ya warwatsu a tsawon kilomita 40, wa za a fara kai wa ruwa? Shi ya sa suke sa lokaci, duk wanda bai kai wuri kaza ba zuwa ƙarfe kaza a ɗora shi a mota shi da kekensa. Nan ma wata rigimar ce, domin akwai masu alwashin sai sun taka kowane taku na hanyar da ƙafarsu, shiga mota a wajensu tamkar faɗuwa jarrabawa ne.

A ganina masu ƙarfi sun fi yawan kuskure a nan, amma ba don sun ƙi jira ba. Kuskurensu shi ne idan suka karɓi gaba sai su ƙara gudu. Abin da ya kamata shi ne mai ƙarfi ya daɗe a gaba a kan gudun da kowa ke iya bi, mara ƙarfi ya karɓa na daƙiƙa goma ko ma kada ya karɓa sam, babu abin kunya. Kuma ayarin mutum arba'in bai kamata ya yi layi ɗaya ba, a kasa shi gida-gida, mutum huɗu zuwa takwas masu ƙarfi kusan ɗaya, kowane gida da alƙawarin ba a barin kowa shi kaɗai.

Masu tsara hanya sun san da ita

Tun kafin a hau keke ake cin rabin yaƙin, a kan taswira. Ɗauki Tour d'Afrique, ayarin da aka fara a 2003, daga Alƙahira zuwa Cape Town, wajen kilomita 12,000 cikin wata huɗu. Hanyar da ya yi shekaru yana bi ta ratsa Masar, Sudan, Habasha, Kenya, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Botswana, Namibiya har Afirka ta Kudu, ana tashi a watan Janairu. A wannan lokaci iskar kwarin Nilu da hamadar arewacin Sudan daga arewa take fitowa, wato a bayan wanda ya dosa kudu take. Wanda ya juya hanyar ya fuskanci arewa a wannan yanki, shi zai ba da labari.

A Birtaniya ma masu ratsa ƙasar daga Land's End a ƙarshen kudu maso yamma zuwa John o' Groats a can arewa, wajen kilomita 1,400, akasarinsu daga kudu maso yamma suke farawa saboda daga can iskar ƙasar ta saba busowa. Amma "ta saba" ba alƙawari ba ne, mako guda na iskar arewa zai iya faɗowa daidai makon da ka ɗauki hutu. A Amurka kuma an daɗe ana cewa in za ka ratsa ƙasar ka taso daga yamma, kuma babban ayarin jihar Iowa da ake kira RAGBRAI, wanda ake yi tun 1973, daga yamma zuwa gabas yake tafiya. Sai dai a tsakiyar Amurka lokacin zafi iskar ƙasa-ƙasa ta fi fitowa daga kudu, don haka ranar da hanya ta karkata kudu sai an ji a jika.

Su kuwa mutanen Holan, da yake ƙasarsu ba tudu sai iska, sai suka mai da abin gasa. Tun 2013 suke yin gasar tuƙa keke a cikin iskar gaba, kilomita 8.5 a kan katangar tare teku ta Oosterschelde, da keke irin na zuwa kasuwa mara giya, kuma ba a kiran gasar sai an ga hadari mai iska na tafe. Abin dariyar, a Nuwamba 2023 dole aka soke ta saboda iskar ta yi yawa.

Abin da take yi wa jiki

Na farko ƙishirwa ce mai ɓoyewa. Iska tana busar da gumi tun kafin ka gan shi, rigarka a bushe sai farin gishiri, kai kana ganin ba ka yi zufa ba alhali ruwan jikinka na tafiya. Ga shi awannin sun ƙaru, ruwa da abincin da aka auna don awa 6 ba za su kai 11 ba. Kuma da yawa ba sa iya sakin hannu ɗaya su ɗauki gora saboda tsoron iska ta karkatar da kan keken, sai su yi ta ɗaga shan ruwan.

Na biyu gwiwa. Mutum ya ga hanya a shimfiɗe sai zuciyarsa ta ƙi yarda ya sauko giya mai sauƙi, ya yi ta danna mai nauyi a hankali, kwana biyu gwiwa ta kumbura. Waɗanda suka san hanya saukowa suke yi kamar suna hawan tudu, ƙafa na juyawa da sauri ba nauyi, sannan su sunkuya su matse gwiwar hannu, su zuge riga, su ɗaure duk abin da ke kaɗawa. Jakunkunan gefe ma faɗi suke ƙara maka, shi ya sa wanda motar ayari ta ɗaukar masa kaya ya fi mai ɗauke da nasa samun sauƙi sosai.

Na uku kai ne. Ƙarar iska a kunne awa takwas ba hutu, ba ka jin maganar na kusa da kai, ba ka jin motar da ke tahowa ta baya, ga na'urar auna gudu da ke kan keken tana nuna maka 11, 10, 11. Wasu juya ta suke yi ko su rufe ta da tsumma.

Dabara mafi arha dai ita ce sammako. A yawancin wurare iska na kwanciya da asuba, sai rana ta ɗaga ƙasa ta yi zafi take tashi, ta fi ƙarfi daga hantsi zuwa la'asar. Ayarin da ya ci kilomita 50 kafin ƙarfe 9 ya rage wa kansa awanni.

Mu nan fa?

Ba sai an je Patagoniya ba. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take sauko mana, daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, da ƙurarta. Da damina kuma akasin haka, daga kudu maso yamma. Don haka matasan da kan shirya tafiyar keke daga wannan gari zuwa wancan, ko don murna ko don wayar da kai, lissafin a fili yake: wanda ya taso daga Abuja ya dosa Kano, ko daga Kano ya dosa Damaturu da Maiduguri, ko daga Maradi zuwa Damagaram a watan Janairu, iskar za ta fi zama a fuskarsa ko a kafaɗarsa, ga bushewar leɓe da maƙogwaro, ga hazo da ke hana direbobi hango shi da wuri. In ya juya hanyar a wannan watan, ita ce za ta riƙa tura shi.

Haka mai keken da ke kai buhunan gawayi ko jarkoki kasuwar ƙauye. Ba nauyin kayan kaɗai ke wahalar da shi ba, faɗinsu ma yana ci masa ƙarfi, shi ya sa lodin da aka jera a tsaye a bayan mutum ya fi wanda aka baje hagu da dama sauƙin tuƙi ranar da ake iska, ko da nauyinsu ɗaya. Irin kekunan nan namu na da kuma giya ɗaya gare su, babu inda za ka sauko, in iskar ta fi ƙarfin ƙafa sai dai a sauka a tura.